Gamayyar Ƙananan Hukumomi Kan Ruwan Sha: A Fara Faɗa Mana Fanfo Nawa Ke Aiki

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum.

Ana ta maganar ƙananan hukumomi su haɗa kai da maƙwabtansu, su shiga gamayya guda domin wayar da kan jama'a game da ruwan sha. Haɗuwar kanta ina goyon bayanta, kuma zan faɗi dalili nan gaba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne aikin da ake shirin ɗora wa wannan gamayya. Mun san yadda ake yi. A jira 22 ga Maris, Ranar Ruwa ta Duniya, a buga riguna da huluna, a rataya kyalle a ƙofar sakatariya, a kira 'yan jarida, wani ya hau mumbari ya gaya wa mutanen Sakkwato cewa ruwa shi ne rayuwa. Washegari kowa ya koma ofis, fanfon da ya mutu yana nan a mace.

Don Allah, wa za a wayar wa da kai? Matar da ke tashi tun kafin kiran assalatu a ƙauyukan Tangaza da Gudu don ta riga wasu zuwa bakin rijiya, ta zura guga da igiya mai tsawon gaske, ta jawo rabin guga mai laka, ta zauna ta jira ruwan ya sake taruwa? Ko magidancin Mabera da Arkilla da ke tsayawa ƙofar gida a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, yana leƙen ta inda mai kura zai ɓullo, ya saya da tsada bai ma san daga ina aka ɗebo ba? Ko yarinyar da ke isa makaranta an riga an gama darasin farko saboda layin fanfo? Waɗannan mutane sun fi duk wanda zai hau mumbari sanin darajar ruwa. Akwai dai abin da ba su sani ba, kuma hukuma ce kaɗai ke riƙe da shi: fanfo nawa aka haƙa a ƙaramar hukumarsu, nawa ke aiki yau, nawa suka mutu, wa ke da alhakin gyara, kuma nawa aka ware don gyaran. Wannan shi ne wayar da kan da muke bukata, kuma shi ne ba a taɓa zuwa mana da shi.

Jihar Sakkwato na da ƙananan hukumomi 23. Ina roƙon kowane shugaba a cikinsu ya amsa tambaya ɗaya kafin ya sa hannu a takardar shiga gamayya: ranka ya daɗe, fanfo nawa ke aiki a ƙasarka?

Ku zo mu tsaya a gaban fanfon tuƙa-tuƙa guda ɗaya, irin wanda kowa ya sani a ƙauye. An haƙa shi, an yi masa daɓen siminti, an kafa allo da sunan wanda ya kawo aikin. Shekara ɗaya ko biyu yana ba da ruwa. Sai wata rana hannun ya yi sako-sako, yara su yi ta tuƙi babu ko ɗigo. Sau da yawa abin da ya lalace bai wuce robar da ke can ƙasa tana riƙe ruwa ba, ko sandar ƙarfe guda da ta tsinke. Makanike mai kayan aiki zai iya fito da bututun, ya canja, ya mayar a yini ɗaya. To amma babu makaniken, babu shagon kayan gyara kusa, babu wanda aka ce a kai wa ƙara. Mai unguwa ya faɗa wa kansila, kansila ya ce zai faɗa a sakatariya, daga nan shiru. Wata shida, ciyawa ta fito a daɓen, awaki na kwana a kai, jama'a sun koma tafki. Rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana ma haka take ƙarewa: injin da ke cikin rijiyar ya ƙone, ko a kwance farantan da dare, tanki ya tsaya a sama babu komai a ciki. An kashe miliyoyi wajen haƙawa, an kasa kashe 'yan dubbai wajen gyara. Sannan idan lokacin zaɓe ya zo, a haƙa sabo a gefen mataccen, domin sabo ne ake yanka masa kyalle a ɗauki hoto. Wallahi wannan abu yana ƙona rai.

Za a ce mini ai wayar da kai yana ceton rai. Gaskiya ne, kuma ga misalin da ya fi kowane ƙarfi: kurkunu. A ƙarshen shekarun 1980 an ƙirga masu wannan cuta sama da 650,000 a Najeriya. Cibiyar tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter ta shigo, Janar Yakubu Gowon ya bi ƙauyuka da kansa, aka ga mai cutar na ƙarshe a 2008, a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Najeriya ta rabu da ita. Amma ku tuna yadda aka yi aikin. Mai wayar da kai yana zuwa ne da kyallen tace ruwa a hannunsa ya miƙa wa uwargida, ana zuba magani a tafki, ana haƙa rijiya, kuma kowane ƙauye akwai mai ƙirga masu ciwo yana kai rahoto. Magana da kayan aiki da ƙidaya, tare suka tafi. Idan ka ce wa mutum ya daina shan ruwan tafki alhali fanfon garinsu ya shekara a mace, me kake so ya sha? A 2021 kwalara ta kama mutum sama da 100,000 a ƙasar nan, ta kashe fiye da 3,000, kuma Sakkwato na cikin jihohin da abin ya fi shafa. Ba na jin akwai uwar da ta rasa ɗanta a wannan shekara don ba ta san ruwa mai tsabta ya fi gurɓatacce ba. Mai tsabtar ne babu.

Za a kuma ce ruwa aikin jiha ne, ga Hukumar Ruwa ta Jiha, ga hukumar samar da ruwa da tsabta a karkara. Wannan hanzari ba ya tsayawa. Manufar ƙasa ta ruwan sha da tsabta ta shekarar 2000 ta raba nauyin ruwan karkara tsakanin tarayya da jiha da ƙaramar hukuma da al'umma, kuma ta ba ƙaramar hukuma kasonta a wajen haƙawa da wajen kula da abin da aka haƙa. Ƙaramar hukuma ce ke da kansila a kowace mazaɓa, ita ce ke zaune da hakimai da dagatai. Idan ita ba ta san fanfon da ya mutu ba, wa zai sani? Sai batun kuɗi. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya. Aiwatarwa ta yi ta jan ƙafa, mun sani. To shugaban da kuɗinsa ba sa isowa ya fito ya faɗa. Ya ce ga abin da aka rubuta mana, ga abin da ya shigo, ga abin da na kashe a ruwa. Jama'a na da hakkin su ji wannan.

Yanzu ga dalilin da ya sa na ce haɗuwar tana da amfani. Ruwan Sakkwato bai san iyakar ƙaramar hukuma ba. Gulbin Rima ya ratso ta Sabon Birni, ya taru a madatsar Goronyo, ya gangaro ta Wurno, ya haɗu da Gulbin Sakkwato a kusa da birni, ya wuce Wamakko da Silame ya nufi Argungu. Madatsar Goronyo an gina ta ne ta riƙe ruwa sama da kubik mita miliyan 900, kuma abin da ta sako shi birni ke tacewa ya sha da rani. A watan Satumban 2010 ruwa ya yi yawa, ambaliya ta cinye ƙauyuka da gonaki, ta karya gadar hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A 2018 kuma madatsar ta janye har ta koma kusan kashi 10 cikin 100 na abin da take ɗauka, hankalin kowa ya tashi. Birnin kansa ya bazu daga Sakkwato ta Arewa da ta Kudu zuwa cikin Wamakko da Dange-Shuni da Kware, bututu ɗaya yana ratsa ƙasar shugabanni da yawa. Ga kuma 'yan'uwanmu da rashin tsaro ya koro daga Isa da Sabon Birni da kewaye, sun sauka a garuruwan da dama ruwansu bai ishe su ba. Babu shugaban ƙaramar hukuma ɗaya da zai iya da wannan shi kaɗai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Saboda haka gamayya tana da aikin yi na gaske. Ƙananan hukumomi huɗu ko biyar da ke maƙwabtaka za su iya haɗa kuɗi su buɗe rumbun kayan gyara guda, su sayi robobi da sanduna da bututu a sari, su horar da matasa makanikai su ba su babura. Za su iya tafiya da murya ɗaya wurin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima su nemi a riƙa sanar da su tun da wuri kafin a sako ruwa, da kuma matsayin madatsa kafin bazara ta shigo, su kuma su isar wa manoman fadama da masunta ta bakin dagatai da limamai da wannan rediyo. Za su iya sa ido kan inda 'yan ga-ruwa ke ɗebo ruwa, a gwada shi, a zuba sinadarin kashe ƙwayoyin cuta, domin rabin unguwa daga jarkokinsu take sha. Kuma idan za a yi wa jama'a magana, a yi wadda za su iya aiki da ita: kada a haƙa masai kusa da rijiya, a rufe randa, a kafa kwamitin fanfo da mata a ciki, a riƙa tara ɗan abin gyara kafin ya lalace. Jama'a na da nasu laifin, ban ɓoye ba. Akwai masu fasa bututu su ja ruwa ba bisa ƙa'ida ba, akwai masu barin fanfo a buɗe, akwai ɓarayin farantai da ke kwana a cikin garin da suka jefa a ƙishirwa. Amma wanda ke son ya yi wa mutane wannan faɗa, sai ya fara nuna nasa lissafin.

Tun Nuwamban 2018 gwamnatin tarayya ta ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ruwa da tsabta. An yi taruka, an yi jawabai. Har yau mutumin Binji ko Kebbe ba zai iya shiga sakatariyarsu ya ga takarda a manne a bango mai nuna rijiyoyin mazaɓarsa da halin da kowace ke ciki ba. Wannan takarda ba ta bukatar tallafin ƙasar waje. Kansila da babur da littafi da biro sun isa, a cikin mako biyu ya zagaye mazaɓarsa. Me ya hana? Ni a ganina tsoron abin da ƙidayar za ta nuna ne, domin ranar da aka rubuta cewa rijiya kaza ta mutu tun bara, dole wani ya amsa.

Don haka ga abin da nake nema daga duk gamayyar da za a kafa. Zamanta na farko ya zama na ƙidaya. Kowace ƙaramar hukuma ta kawo jerin fanfunanta da rijiyoyinta, mazaɓa bayan mazaɓa, masu aiki da matattu. A manna a sakatariya da ƙofar hakimi, a karanta a rediyo da Hausa da Fulfulde. A ba da lambar waya da za a kira idan fanfo ya tsaya, a faɗi kwana nawa za a ɗauka kafin makanike ya iso. Bayan wata uku a dawo a sake karanta jerin, mu ji nawa aka tayar. Kuɗin riguna da huluna na bana a sayi kayan gyara da su, a fara da garuruwan da ke shan tafki, kafin watan Maris ya kama.