Aure, saki da dukiya a Markus sura 10

Iyayena da 'yan'uwana, salama a gare ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Wanda ya zo da Littafi Mai Tsarki ya buɗe Markus sura 10.

Ku fara lura da wurin da abin ya faru. Aya ta 1 ta ce Yesu ya je ƙasar Yahudiya da hayin Kogin Urdun. Hayin nan a hannun Hirudus Antibas yake, mutumin da ya rabu da matarsa ya auri Hirudiya, matar ɗan'uwansa Filibus. Yahaya Mai Baftisma ya faɗa masa bai halatta ba, aka kulle shi, daga baya aka fille masa kai. To a wannan ƙasa ne Farisiyawa, wata ƙungiyar masu tsananta bin Shari'ar Musa, suka tambayi Yesu ko ya halatta mutum ya saki matarsa. Tarko suka ɗana masa.

A lokacin, malaman Yahudawa sun rabu a kan Maimaitawar Shari'a 24:1, inda aka ambaci takardar saki. Almajiran wani babban malami mai suna Shamai suka ce sai an sami mace da lalata. Almajiran wani malamin kuma, Hilel, suka ce ko abinci ta ɓata masa, ya isa dalili. Mata, kun ji? Tuwo ya kama, aure ya mutu. Akwai kuma maganar kuɗi a ciki. A dokar malamansu, wanda ya auri budurwa, in zai sake ta sai ya biya ta dinari 200, dinari ɗaya kuwa ladan yinin ɗan ƙwadago ne. Talaka zai yi ta juya abin a ransa kafin ya rubuta takarda. Mai hali kuwa ya ƙirga kuɗi, ya sallame ta, ya kawo wata.

Yesu bai bi bayan kowane malami ba. Ya ce saboda taurin zuciyarku ne Musa ya rubuta muku wannan, sannan ya mai da su Littafin Farawa, inda Allah ya halicci namiji da tamace, su biyun suka zama jiki guda. Abin da Allah ya gama, kada mutum ya raba.

Yanzu ku sauka zuwa aya ta 17. Wani mai dukiya ya sheƙo da gudu, ya durƙusa, yana tambayar yadda zai gāji rai madawwami. Ya kiyaye dokoki tun yana yaro. Markus ya ce Yesu ya dube shi, ya ƙaunace shi, ya ce ya sayar da abin da ya mallaka ya ba matalauta, ya zo ya bi shi. Mutumin ya tafi da baƙin ciki. A ganina ciwonsa da na masu tambayar saki ɗaya ne: hannun da ya saba cewa "nawa ne, in yi yadda na ga dama". A Luka 16 ma haka aka jera su. An kira Farisiyawa masu son kuɗi a aya ta 14, maganar saki ta zo a ta 18, sai labarin mai arziki da Li'azaru.

Maza, da ku nake. Ranar ƙaddamar da ginin majami'a mutum zai miƙe, a kira sunansa a lasifika, ya yi alkawarin buhunan siminti, a yi ta tafi. Matarsa kuwa tun asuba tana bakin titi gaban kasko, hayaƙi na shiga idonta, tana suyar ƙosai don a biya kuɗin makarantar yara. Ba ta san albashinsa ba, ba ta san ya sayi fili ba, sai ranar da ya rasu dangi su zo da takardu. Bai rubuta mata takardar saki ba, amma ina jiki gudan? Bulus ya gaya wa Timoti cewa wanda bai kula da iyalinsa ba ya yi musun bangaskiya, 1 Timoti 5:8. Baikon da ka bayar a majami'a ba ya goge wannan aya.

Iyayen amare, ku ma ku sassauta. Saurayi ya ci bashi don lefe da anko da hayar zauren biki, amarya ta tare, masu bin bashi su biyo ta. Faɗan farko na gidaje da yawa daga nan yake tashi.

Ba zan rufe ba sai na yi maganar 'yar'uwar da ake duka. Kada wani ya ɗauki ayar nan ta "abin da Allah ya gama, kada mutum ya raba" ya ɗaure ta da ita. Malakai sura 2 ta ce Ubangiji shaida ne tsakanin mutum da matar ƙuruciyarsa, wanda aka tsawata wa a wurin kuwa mijin ne mai cin amana. Dattawan ikilisiya, in ta zo muku da kumburarriyar fuska, kada ku ce ta koma ta yi haƙuri ku tashi taro. Ku sama mata wurin kwana a daren nan, washegari ku kira mijin gaban majalisar dattawa. Batun wadda mijinta ya gudu ya bar ta da yara, 1 Korantiyawa 7 za mu karanta a kansa a zama na gaba, ku zo da tambayoyinku a rubuce.