Kafin Ka Huda Akwatin Batirin Motar Lantarki

Assalamu alaikum jama'a. Ku duba ƙarƙashin motar lantarki da kyau. Wannan faffaɗan kwanon da ya shimfiɗu daga bayan tayoyin gaba har zuwa na baya, shi ne akwatin batir. A tsohuwar Nissan Leaf, abin da ke cikinsa ya kusan kilo 300, ƙwayoyin batir 192 ne a jere, ƙarfin wutarsu kuma wajen volt 360. Wutar da ke shiga gidajenmu volt 230 ce, kuma kowa ya san abin da take yi wa mutum. Wasu motocin ma, irin su Porsche Taycan da Hyundai Ioniq 5, nasu yana kaiwa wajen volt 800.

Na san abin da ke sa mutum ya so taɓa shi. Hanyoyinmu ga ramuka ga duwatsu, kullum cikin motar na gogar ƙasa, sai zuciya ta ce a kai wa mai walda ya ƙara mata farantin ƙarfe. Tunanin ba laifi ba ne, don kamfanin Tesla da kansa ya taɓa yin haka. A watan Oktoban 2013, wata Model S ta taka wani guntun ƙarfe a kan babban titi a garin Kent na jihar Washinton a Amurka. Ƙarfen ya fasa farantin ƙasa mai kaurin kusan milimita 6, batir ya kama wuta. Bayan wata guda aka sake samun irin haka a jihar Tenesi. Sai a watan Maris na 2014 kamfanin ya fito da garkuwar titaniyam da alminiyam, bayan gwaje-gwaje masu yawa. To ka ga, injiniyoyin da suka zana motar ma sai da suka ɗauki watanni. Kai kuma kana so a gama kafin la'asar.

Mu fara da huda. Tsakanin bangon akwatin da ƙwayoyin batir, a wurare da yawa tazarar ba ta kai faɗin yatsa ba. Bakin injin huda ya zarce kaɗan, ya shiga cikin ƙwaya ke nan. Ko bai zarce ba, ina ɓarɓashin ƙarfen da ya fita yake zuba? Ciki yake faɗawa. Ɗan ƙanƙanin abu kamar tsabar gero, mota na tafiya yana yawo, har ranar da zai zauna tsakanin ƙarafa biyu masu ɗauke da wuta. Walda kuwa ta fi muni, domin zafi ne babban abokin gabar batirin litiyam. Ƙwaya ɗaya ta yi zafi ta wuce iyaka, sai ta fara ƙona kanta daga ciki, ta zafafa ta kusa da ita, ita ma ta zafafa ta gaba, kamar gobara a rumfunan zana.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne, ba lallai ka ga komai a ranar ba. A watan Mayun 2011 hukumar kula da lafiyar motoci ta Amurka ta yi gwajin karo da wata Chevrolet Volt. Aka gama, aka ajiye motar a fili. Bayan kimanin mako uku ta kama da wuta, ta ƙona motocin da ke gefenta. Da aka bincika, sai aka gano bututun ruwan sanyaya batir ne ya fashe, ruwan ya kai ga kayan lantarki. Mako uku! Ka ɗauka a gidanka motar take, a fake jikin tagar ɗakin yara, kowa yana barci.

Sai maganar ruwa. Yawancin akwatunan nan an yi su ne a ma'aunin da ake kira IP67, wato su jure nutso a ruwa mai zurfin mita ɗaya na minti 30. Robar da ke like bakin murfi ce ke riƙe da wannan amanar, tare da notunan da aka ɗaure da ma'auni. Ka buɗe, ka mayar da tsohuwar roba, ka shafa gam, ka ɗaure da ƙarfin hannu, to damina za ta nuna maka inda ka bar ƙofa. A garejin da suka san aikin, ba a mayar da batir jikin mota sai an hura wa akwatin iska an tabbatar ba ya yoyo.

Akwai kuma wani ɗan murfi a gefen akwatin, wanda wasu ke ɗauka rami ne da ya kamata a toshe. Hancin batir ke nan. Idan ƙwaya ta lalace, ta nan iskar gas mai guba da saurin kamawa za ta fita nesa da fasinja. Ka rufe shi da faranti, iskar za ta nemi wata hanya da ƙarfi.

Oga makanike, da kai nake yanzu. Cire fulogin nan mai launin ruwan lemo da ake zarewa kafin a fara gyara yana raba batirin biyu ne kawai, kowane ɓangare na nan da wutar da za ta iya kashe mutum. Kana bukatar safar hannu mai jure volt 1,000, kayan aiki masu rufin roba, mitar auna wuta da ka gwada lafiyarta, da mutum na biyu a tsaye kusa da kai. Zobe da agogo a cire. A wasu sababbin motoci, kamar BYD Seal, akwatin ya zama wani ɓangare na ƙashin motar kanta, yanka shi rage mata ƙarfi ne a ranar haɗari.

Idan kariyar ƙasa kake so, a nemi farantin da aka ƙera wa irin motar, a ɗaura shi a ramukan notin da kamfani ya bari a jikin bodi, ba tare da ya rufe hancin batir ba. Idan kuma dutse ya riga ya lotsa akwatin, kada ka sa ta caji. Fake ta a fili, aƙalla mita 15 daga gini da sauran motoci, sannan ka kira wanda ya koyi aikin babbar wuta ya zo ya duba ta a inda take.