Ya rubuta waƙoƙin da suka fi daɗi, ya miƙa wa wani: hira kan Lin-Manuel Miranda da 'yan wasan Hamilton

Hauwa: Assalamu alaikum masu saurare, barkanmu da sake haɗuwa. Hauwa ce, ga ƙanena Sadiq, ga kuma Malam Nura da ya taso daga makaranta ya zo mana. Malam, sannu da hanya.

Malam Nura: Yauwa Hajiya, sannunku dai. Ai da na ji wanda za a yi magana a kansa, ko ruwa ake da ƙanƙara sai na zo.

Sadiq: Lin-Manuel Miranda ke nan. Ga wanda bai san shi ba, marubucin waƙa ne ɗan birnin New York, an haife shi a 1980, asalin iyayensa daga tsibirin Puerto Rico. Sana'arsa wasan dandamali irin wanda ake rera labarin da waƙa. Yara da yawa sun san waƙoƙinsa a Moana da Encanto ba tare da sun san sunansa ba. Amma mu wasansa mai suna Hamilton ne ya kama mu.

Hauwa: Kai ya fara kamawa. Wata biyu kana wanke-wanke da shi a kunne, har Inna ta ce wai me ake ta faɗa a cikin wayar nan.

Sadiq: Yaya, waƙa 46 ce a faifan. Ba a gama ta a zama ɗaya a ce an gane.

Malam Nura: Ni abin da ya fara burge ni shi ne mafarin aikin. Mutum ya tafi hutu a 2008, ya ɗauki wani ƙaton littafi na Ron Chernow kan rayuwar Alexander Hamilton, ministan kuɗi na farko a Amurka. Wani zai karanta ya ajiye. Shi kuwa sai ya ga maraya daga tsibirin Nevis wanda alƙalami ya fitar da shi daga talauci, ya ce wannan ai labarin mawaƙin gambara ne. A watan Mayun 2009 ya je fadar White House ya rera waƙar farko a gaban Obama. Da ya faɗi a kan wa waƙar take, dariya aka yi masa.

Hauwa: Na ga bidiyon. Kafin ya ƙare, dariyar ta koma tafi.

Malam Nura: Kuma daga nan sai da aka yi shekara shida kafin wasan ya hau Broadway, wato manyan zaurukan wasan dandamali na New York, a watan Agustan 2015. Waƙa ɗaya, My Shot, ya ce shekara guda ya yi yana gyara ta. Kullum sai na faɗa wa ɗalibaina wannan idan suka kawo mini rubutun dare ɗaya.

Sadiq: To ni ga abin da ke raina, shi ya sa na matsa a yi shirin nan. Miranda shi ya rubuta, shi ya fito a matsayin Hamilton. Wuƙa da nama a hannunsa suke. Da ya so, duk waƙar da ta fi daɗi sai ya sa a bakinsa. Amma Wait for It da The Room Where It Happens, waɗanda shi da kansa ya ce suna cikin mafi kyawun abin da ya taɓa rubutawa, duka biyun ya ba Aaron Burr. Wato mutumin da ya harbe Hamilton a 1804.

Hauwa: Ya ba Leslie Odom Jr. ke nan, wanda ya fito a matsayin Burr.

Sadiq: Shi fa. Kuma a kyautar Tony ta 2016, babbar kyautar wasan dandamali a Amurka, su biyun suna takarar gwarzon ɗan wasa, Leslie ya ɗauka. Da waƙoƙin da abokin takararsa ya rubuta masa! A daren nan wasan ya ci kyauta 11 cikin 16 da aka sa sunansa.

Malam Nura: Gaskiya a faɗe ta, muryar Miranda ba ta kai ta Leslie ba, kuma ya sani. Na fi girmama shi a kan wannan sanin. Ku saurari Wait for It da kyau. Leslie yana farawa ne ƙasa-ƙasa, kamar mai magana da kansa a ɗaki, yana danne abin da ke cinsa. Sai 'yan amshi su shigo, sai ya buɗe murya gaba ɗaya, sannan ya sake komawa ya danne. Duk wanda ya taɓa zama yana kallon sa'o'insa suna wuce shi, yana ce wa kansa haƙuri, zai ji waƙar nan a ƙirji.

Hauwa: Ni kuma tawa Satisfied ce. Kun san na samu na kalli wasan a Landan, a zauren Victoria Palace, ba da 'yan wasan farko ba. A tsakiyar dandamalin akwai faifai mai juyawa. Angelica ta ɗaga kofi tana yi wa ƙanwarta Eliza fatan alheri ranar aurenta da Hamilton. Kwatsam sai faifan ya juya baya, fitilu suka canza, masu rawa suka riƙa warware takunsu ɗaya bayan ɗaya har aka koma daren da suka fara haɗuwa. Sai ka sake kallon abin da ka riga ka gani, amma yanzu ta idon yayar da ta so shi ta bar wa ƙanwarta. Wata dattijuwa a kusa da ni ta cire tabarau ta riƙe a cinya, ba ta mayar ba har aka je hutun rabin lokaci.

Sadiq: Renée Elise Goldsberry ce ta fara yin Angelica, ita ma ta ci Tony. Saurin bakinta a waƙar nan, ka rasa inda take shaƙar numfashi.

Hauwa: Kuma sau takwas a mako suke yi. Mu da muke danna waya mu maimaita, mukan manta cewa mutum ne ke tsayawa kowane dare.

Sadiq: Akwai ɗan gida ma a cikinsu, Okieriete Onaodowan, iyayensa 'yan Najeriya ne, an haife shi a New Jersey. A kashi na farko shi ne Hercules Mulligan mai tsawa, a na biyu ya koma James Madison mai tari da sanyin murya. Sai da na kalli wasan da aka ɗauka a kyamara, wanda aka saki a 2020, na yarda mutum ɗaya ne.

Malam Nura: Ni ina da abin da ke damuna, kuma ba zan ɓoye ba. An ɗauko baƙaƙen fata sun fito a matsayin George Washington da Thomas Jefferson, mutanen da suka mallaki bayi. Gidan surukan Hamilton ma suna da bayi. Wasan ya taɓo maganar, amma bai tsaya a kanta ba. Daveed Diggs ya yi Jefferson da kyau har kana tafa masa, sai daga baya ka tuna wa kake tafa wa.

Hauwa: Miranda bai musa ba. A 2020 da maganar ta taso, ya ce sukar tana kan hanya.

Malam Nura: Haka ne. Ina son wasan, damuwar kuma tana nan, ban ajiye ko ɗaya ba.

Sadiq: Abin da ya ƙara mini ƙaunarsa shi ne yadda ya riƙe masoya. Tikitin ya yi tsada ƙwarai, sai aka riƙa jefa ƙuri'a, wanda ya ci ya sayi tikiti a kan dala 10, kuɗin da hoton Hamilton ke jiki. Mutane ɗaruruwa su taru a bakin ƙofa, mafi yawansu ba za su ci ba. Sai ya riƙa fitowa da 'yan wasa su yi musu ɗan wasa a titi kyauta, don kada su koma hannu rabbana.

Hauwa: Kafin lokaci ya cinye mu, Eliza fa? Ita aka ba ƙarshen wasan. Ta rayu shekara 50 bayan mijinta, ta rasu tana da 97, tana cikin waɗanda suka kafa gidan marayu mai zaman kansa na farko a New York. Phillipa Soo da ta fito a matsayinta ta matso bakin dandamali, ta dubi gaba, ta ja wani numfashi mai ƙarfi, fitila ta mutu. Me ta gani?

Sadiq: Mu ta gani, Yaya. 'Yan kallo. Ta ga labarin ya iso.

Malam Nura: A'a, ni a ganina ajalinta ne ya zo, ta hango ɗanta Philip da mijinta.

Hauwa: Ni kuwa duk kallo da abin da nake gani. Masu saurare, ku turo mana naku, za mu karanta a shiri na gaba. Malam, mun gode ƙwarai, a gaida mutanen gida.

Malam Nura: Za su ji, Hajiya. Sai wani makon in Allah ya kai mu.