Ka canza kod ɗin wifi sau uku, mega na ta zurarewa: akwai makulli na biyu

[Hoto: kasuwar Dole da safe, ana buɗe shaguna.]

Salamu alaikum ƴan kasuwar Damagaram. Kwana biyun nan wani saƙon murya ke ta yawo a WhatsApp, wai akwai manhajar da yara ke sawa a salula, da sun tsaya bakin shagonka sai ta haɗiye kod ɗin wifi ɗinka, ko sau nawa ka canza shi. Wata Hajiya mai atamfa har ta ce mini ta kashe boks ɗinta na wifi ta mayar cikin kwali ta huta. Hajiya, fiddo shi. Yawancin abin da ake kira sihirin manhaja, ƙofa ce muka bari a buɗe da hannunmu.

Bari mu yi sauri a kan abin da kowa ya kusa sani.

Wannan akwatin shi ne boks. Yana karɓo intanet daga sim ɗin Airtel, Moov ko Zamani, ko ta waya, ko ta farantin Starlink da kuke gani bisa rufi, sai ya raba wa salulolin da ke kusa. Wifi daban, intanet daban. Shi ya sa za ka ga sandunan wifi cike taf amma saƙo ya ƙi tafiya: forfe ne ya ƙare, ko rezo ne babu. In ka ga suna biyu, ɗaya da 2.4 ɗaya da 5, wannan 5 ɗin ba 5G ba ce. Ta fi sauri, amma ba ta da nisan zango. A cikin Birni, inda katangar ƙasa ta kai kaurin kamu guda, 2.4 ce ke ratsawa. Ka ɗora boks sama, kada ka cusa shi bayan firji. Shi ke nan, mun wuce.

[Hoto: shagon tela, keken ɗinki, boks rataye a ƙusa.]

Wannan shagon wani kawuna ne tela a Zango. Ya yarda a ɗauki shagon, fuskarsa ce ya ce a'a. Forfen wata yake saye, kwana tara ya ƙare. Ya canza kod, ya ƙare. Ya sake canzawa, ya hana har almajiransa, ya ƙare. Da na zo ya ce mini, “Ɗana, ko dai kamfanin ne ke sha, ko kuwa an yi wa akwatin nan hannu.”

Na ce, “Kawu, wane kod ɗin ka canza?”

Ya ce, “Kod nawa ne?”

To nan ne maganar take. Biyu ne.

Na farko shi ne wanda kake ba baƙo ya hau intanet. Wannan makullin zaure ne. Na biyu kuwa makullin turakar mai gida ne, ɗakin da ake juya boks ɗin gaba ɗaya. Kowane boks na da shafinsa a ciki, kuma duk wanda ya hau wifi ɗinka ko sau ɗaya, ya riga ya tsaya a ƙofar wannan ɗakin.

Ku duba hannuna. Na juya boks. Ga takarda manne a gindinsa. Ga lambobi: 192.168.8.1. A wani boks ɗin za ka ga 192.168.1.1 ko 192.168.0.1. Na hau wifi ɗin, na buɗe Chrome, na rubuta lambobin a layin can na sama, da ɗigo-ɗigonsu. Ga shafi ya fito yana tambayar suna da kod. Na sa admin. A ƙasa ma admin.

Ya buɗe.

Kawu ya ajiye almakashi.

Wannan admin da admin ba wani sirri ba ne. Haka tsofaffin boks da yawa ke fitowa daga masana'anta, kuma jerin kod ɗin kowane samfuri na nan a intanet, yaro ɗan kolej zai samo shi kafin shayi ya tafasa. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame dubban ɗaruruwan boks da kyamarorin tsaro a duniya, kuma ba ta fasa komai ba, irin waɗannan kod ɗin na masana'anta wajen 60 kawai ta riƙa gwadawa.

Yanzu ku dubi abin da muka tarar. Ga jerin salulolin da ke kan boks ɗin, goma sha ɗaya. Mutum uku ne a shagon. Sannan ga wannan: wifi na biyu, wanda Kawu bai san da zamansa ba. Wani da aka taɓa ba kod ya shiga turaka, ya kunna layin baƙi, ya sa masa nasa sunan da nasa kod ɗin. Sunan ma da ya raɗa masa, “Allah ya saka”. Aƙalla dai ya yi godiya. Kawu na ta canza kwaɗon zaure, su kuwa sun huda tasu ƙofar ta baya. Shi ya sa fadar samari ta ƙaura ta dawo jikin katangarsa kullum bayan isha'i, shi kuma yana zaton iskar wurin ce ta yi musu daɗi.

Kuma shan mega shi ne ƙaramin abu. Wanda ya shiga wannan shafin yana iya ganin kod ɗinka, yana iya canza shi ya kore ka daga naka boks ɗin, yana iya karkatar da hanya ka nemi shafin banki a kai ka na bogi. In boks mai sim ne, da yawansu na nuna saƙonnin da suka shigo sim ɗin. Don Allah, sim ɗin da ke ɗauke da kuɗin shago kada ya kwana cikin boks. Sayi wani daban.

Gyaran ba ya cin minti biyar. Ku bi allon.

In kana zargin an riga an taɓa boks ɗin, ga ɗan rami a baya. Tsinke ko allura, danna ka riƙe kamar daƙiƙa goma, komai ya koma yadda ya fito daga kwali. Amma in na waya ne da ma'aikacin kamfani ya saita maka, kira shi tukuna, kada ka goge saitin ka zauna ba intanet.

Ka shiga shafin. Nemi wurin da aka rubuta Système ko Administration. Canza kod ɗin admin. Shi ne na farko, kafin na wifi. Sababbin boks kan tilasta maka sa sabo tun ranar farko, sai mutane su sa 12345678, ko su maimaita kod ɗin wifi, an koma gidan jiya. Masu Starlink, naku a manhajar salula ake juya shi, to ku kula da wanda ke riƙe da asusun. Masu sayar da tiket na wifi da boks ɗin MikroTik, ku ma ku duba, tsofaffinsa da admin suke zuwa babu kod ko ɗaya.

Wane irin kod? Ba lambar salularka ba, tana rubuce a allon shago da jan fenti. Ba sunan ɗanka da shekarar haihuwarsa ba. Haɗa kalmomi uku ko huɗu da ba su da dangi, ka soka lamba a tsakani, kamar kilishi47taguwaguga. Wannan kam kada ka ɗauka, duk garin ya gani. Rubuta naka a takarda ka bar ta a gida, ba cikin littafin bashi ba.

Sauran da gudu. Wajen tsaro zaɓi WPA2, ko WPA3 in akwai. In WEP kaɗai boks ɗinka ya sani, ya tsufa, sai sabo. Kashe WPS, wato hanyar hawa wifi da maɓalli ko ƴar lamba ba sai da kod ba, tun 2011 aka gano lambarsa na da sauƙin cankowa. Masu saye kuma ka buɗe musu layin baƙi da kanka, kwamfutar lissafi da kyamara su zauna a naka. Ka riƙa canza kod ɗin baƙin, don salular Android na fito da shi a hoton QR, mutum ɗaya ya samu, abokansa goma sun samu. Manhajar da ake ta tsoro ma, galibinsu abin da suke yi ke nan: tara kod ɗin da mutane suka raba.

[Hoto: dare, katangar shagon tela, ba kowa sai gawayin shayi.]

Forfen Kawu ya kai ƙarshen wata, har da saura. Fada kuma ta ɗauke bencinta ta koma jikin shagon mai fotokwafi, can gaba kaɗan. Gobe in Allah ya kai mu can za ni da allurata.