Harsashin da ya kusa toshe min kunne a Houston

Assalamu alaikum jama'a. Ku yi haƙuri in kun ji ina ɗaga murya, kunnena na dama ne har yanzu bai dawo daidai ba. Ga ni a cikin mota a bakin wani filin koyon harbi a nan Houston, zafin Texas yau sai ka rantse Sakkwato ce a watan Afrilu, amma ba zan tayar da motar nan ba sai na ba ku labarin abin da na gani a ciki.

Abokin aikina ne ya kawo ni, tsohon soja ne, ya daɗe yana min naci. Dala 20 muka biya kuɗin layi. Na sa abin rufe kunne ina tsaye ina jiran a zo kaina, sai mutumin layin da ke kusa da mu ya ɗana kunama. Wallahi a ƙirji na fara jin ta kafin kunne, har cikin haƙorana. Wuta ta tashi a bakin bindigar kamar an watsa wa garwashi kalanzir, 'yar takardar da ke kan teburin gabana ta yi sama. Na leƙa ina zaton zan ga wata ƙatuwar aba, ashe 'yar guntuwa ce, da ƙyar ta kai tsawon hannuna.

Abokina ya ce min harsashin 5.56 ne, wato mai milimita 5.56, irin na sojojin NATO, sai dai bututun bindigar inci 10 ne da 'yan kai. Shi wannan harsashi tun asali an yi shi ne don bindigar M16 mai bututu inci 20. Albarushin da ke cikin kwanson yana buƙatar wannan tsawon kafin ya gama ci. In ka yanke bututun rabi, ragowar albarushin a waje zai ƙone, a gaban fuskarka, shi ne wutar da ƙarar da suka firgita ni. Ga kuma asara ta biyu: kan harsashin siriri ne, giram 4 kacal, duk ƙarfinsa a gudu yake. A doguwar bindiga yana haura mita 900 a daƙiƙa guda, a guntuwa sai ya sauko wajen 800, kuma da gudun ya ragu sai cizon ya ragu.

To ku ɗauki wannan ƙarar ku kai ta cikin ɗaki, da tsakar dare, mutum huɗu sun shiga a jere, kowa na buƙatar jin abin da ɗan uwansa ke faɗa, ga mutanen da aka zo ceto a kwance a ƙasa. Wannan ita ce matsalar da sojojin ƙundumbala suka shekara da shekaru suna fama da ita. Doguwar bindiga ba ta juyuwa a bakin ƙofa ko a kan matakala, guntuwa kuma ta kurmantar da kai.

A da can ba su ma damu da harsashin babbar bindiga ba. Lokacin da dakarun SAS na Ingila suka kutsa ofishin jakadancin Iran a Landan a watan Mayun 1980, MP5 ce a hannunsu, ta kamfanin Heckler & Koch na Jamus, mai cin harsashin milimita 9, wato na ƙaramar bindigar hannu. Ba ta tokari sosai, tana zama inda ka auna. Da rigar sulke ta yawaita sai aka ga harsashin nan ba ya huda ta, dole aka koma kan 5.56. Shi ma bai tsira daga ƙorafi ba. Bayan faɗan Mogadishu na 1993, sojojin Amurka sun koka cewa samfurin 5.56 mai koren kai da suke amfani da shi yana ratsa mutum ya wuce, mutumin kuma bai faɗi nan take ba. Daga baya aka yi musu mai nauyi, wajen giram 5, wanda suke kira Mk 262. Kuma duk da surutun da ake yi wa 5.56, rahotanni sun nuna bindigar HK416 mai cin sa aka riƙe a samamen Abbottabad na 2011, inda aka kashe Osama bin Laden a Pakistan. Don haka kar wani ya ce muku harsashin banza ne.

Amma abin da ya faranta min rai yau daban ne. Abokina ya buɗe jakarsa ya fito da tasa bindigar, da salansa, wato abin rage ƙara, a bakinta, ya zuba min harsashi biyu a tafin hannu. Gindinsu iri ɗaya sak. Ɗaya, wato 5.56, siririn wuya gare shi kamar fensir, ɗayan kuwa gajeren kwanso ne da ƙaton kai, kana ɗagawa za ka ji bambancin nauyi. Sunansa .300 Blackout. Kan nan giram 14 ne, kuma da gangan aka rage masa gudu don kada ya kai gudun sauti, wanda yake wajen mita 340 a daƙiƙa. Duk harsashin da ya wuce wannan gudun yana yin wata ƙara kamar bulala a iska, wadda babu salansar da za ta iya ɓoye ta. Wannan ba ya yi. Na harba, jama'a, sai na ji kamar an buga ƙofar mota da ƙarfi, har ƙarar ƙarfen bindigar na ji yana komawa, da faɗuwar kwanson a siminti. Ba shiru ba ne ɗungurungum irin na fim, amma za ka harba ka yi magana a ji ka. Kuma na zuba biyar a wuri ɗaya a mita 25, tafin hannu zai rufe su, abokin nawa da kansa ya jinjina min. Kwalin guda 20 dala 30 muka saya, ku lissafa da naira da kanku, 5.56 kuwa bai kai rabin haka ba.

Kamfanin Advanced Armament ne ya fito da shi, aka amince da shi a 2011. Dabarar ita ce bututu kawai za ka canza wa bindigarka, gidan harsashin da sauran kayan duk na 5.56 ne, kuma albarushinsa yana gama ci a inci 9. Abin da ya tsaya min a rai shi ne, akwai samfurinsa mai sauƙi, giram 8, mai gudu, wanda in ka duba aikinsa kusan ɗaya yake da harsashin AK-47, wato 7.62×39 da Tarayyar Sobiyet ta yi tun 1943. An zaga an zaga an dawo kusa da shi. Hatta GIGN, zaratan jandarmomin Faransa, bayan hare-haren Paris na 2015 sun sayi bindigar Bren 2 ta ƙasar Cek mai cin harsashin AK ɗin.

Da ya ambaci AK sai jikina ya yi sanyi. Su a nan suna ne a cikin jerin sunaye, mu kuwa a gida ƙararta muka sani, mun san abin da take nufi in aka ji ta a bayan gari da dare. Ni da na taso bindigar da na sani ita ce harba-ka-ruga ta kakana, a ɗura albarushi da dalma ta baki, a je a nemo zabo a dawo. Kuma kar ku ɗauka maganar sojojin ƙundumbala ta yi mana nisa. A ƙarshen Oktoban 2020 dakarun SEAL na Amurka sun sauka a arewacin Najeriya cikin dare, suka kuɓutar da wani Ba'amurke da aka sace a Masalata kusa da Birnin Ƙonni, nan da nan da Illela. Mutum guda aka yi wa wannan. Ina tsaye a layin nan ina tuna mutanenmu da ke daji a hannun 'yan bindiga wata da watanni, sai na ji daɗin harbin ya ragu. Allah ya kuɓutar da su, ya kawo mana ƙarshen abin nan.

Manyan harsasan ba zan ɓata muku lokaci a kansu ba. 7.62×51 irin na bindigar G3, ko wane ɗaya ya ninka 5.56 nauyi, ga tokarin kafaɗa, ga ratsa bango, kuma bangon gidajen nan allo ne, ba irin ginin ƙasa namu mai kauri ba. Sabon 6.8×51 da sojan Amurka ya zaɓa a 2022 tare da bindigar SIG Sauer, don huda sulke daga nesa aka yi shi, gidansa guda 20 yake ci maimakon 30. A ganina ba kayan cikin ɗaki ba ne. In ɗaki ne da lungu, ni .300 Blackout ta burge ni, sai dai mai sanyin gudun nan da ya yi nisa yake sunkuyawa ƙasa, kuma ba ya iya wa sulke. 5.56 zai daɗe yana nan, don kowace rundunar NATO tana da shi jibge.

Ga ku 'yan uwa da ke nan Amurka, in sha'awa ta ɗebe ku, ku ji ni da kyau. In da bizar karatu ko ta ziyara ka shigo, dokar tarayya ta hana ka riƙe bindiga ko harsashi sai da wasu sharuɗɗa, kamar lasisin farauta. Kar abokai su ja ka don hoto ka jawo wa takardunka bala'i, ka tambayi lauya tukuna. Sannan harsashin .300 yana iya shiga bindigar 5.56 ya zauna daram, in ka ɗana kuwa ƙaton kan ba zai wuce ta siririn bututu ba, bindigar a hannunka za ta tarwatse. Abokina jan salatif ya naɗa wa duk gidan harsashin .300 ɗinsa, kuma bai yarda na taɓa ko ɗaya ba sai ya duba. Kunne kuma ku toshe shi biyu, na soso a ciki, babban a sama. Ni ɗaya na sa, ga shi har yanzu yana min kuka.

La'asar ta kusa, kuma in ban hau titi yanzu ba cunkoson Houston zai riƙe ni har magariba. Sai mun haɗu.