Bangaskiyar da ake gani da ido: lacca ga matasan ikilisiya

'Yan'uwa cikin Almasihu, abubuwa uku na shirya muku, kuma zan fara da wasiƙar Yaƙub, sura 2, aya 14 zuwa 17. Yaƙub yana tambaya ne: idan ɗan'uwa ba shi da sutura, ba shi da abincin yini, kai kuma ka sallame shi da fatan alheri, ka ce ya ji ɗumi ya ƙoshi, amma ba ka miƙa masa komai ba, wace riba aka ci? Mun ƙware a irin wannan sallama. "Allah ya buɗa" muke cewa, alhali aljihun da ake jira ya buɗe yana jikin wandonmu. Na ga dattawa suna dariya, to, ban cire kowa ba.

Ku dubi yadda bishara ta shiga ƙasar Hausa. Gwamnatin Turawan mulki ta daɗe tana hana 'yan mishan yin wa'azi a cikin masarautu, saboda alkawarin da ta yi wa sarakuna cewa ba za ta taɓa addininsu ba. Abin da ya buɗe ƙofa a shekarun 1930 shi ne jinyar kutare, lokacin da aka danƙa wa mishan ta SIM, wato Sudan Interior Mission, zangunan masu cutar a Yadakunya ta Kano, da Babbar Ruga ta Katsina, da Amanawa ta Sakkwato. Ina so ku tsaya a nan, ku matasa, domin ba ku san kuturta irin ta wancan zamani ba. Maganin kirki bai samu ba sai ƙarshen shekarun 1940. Kafin nan allurar wani mai ake yi, mai zafin gaske, wadda sau da yawa ba ta warkarwa. Saboda haka yawancin aikin shi ne wanke gyambo, da ɗaure shi, da sake wanke shi washegari, a jikin mutumin da danginsa suka ware masa ƙwarya. Kuma ba Turawa kaɗai suka yi ba, ku riƙe wannan, domin akwai 'yan ƙasa, wasunsu ma tsofaffin majinyata ne da suka koyi aikin suka zauna suna yi wa wasu. Wanke gyambo, na sake faɗa, kowace safiya. Daga irin wannan hidima aka sami asibitin ido na Kano a 1943, da asibitin Galmi a Nijar a 1950, waɗanda har yau suna karɓar kowa ba tare da tambayar addininsa ba.

Na biyu, ko na uku ne, lokaci ya ci ni: Yaƙub 1:27 ya ambaci marayu da gwauraye, kuma a wannan fanni Zumuntar Mata, ƙungiyar matan ikilisiya, ta fi mu maza nisa, sai mu yi koyi.

Ga hannu can baya. Na'am, ɗana?

(Wani matashi ya tambaya ko jinyar ba tarko ba ce ta jawo mutane su canza addini.)

Tambayarka tana da nauyi, kuma an daɗe ana wannan zargi. Gaskiya ne 'yan mishan sun so mutane su karɓi Almasihu, ba su ɓoye ba, kuma duk inda aka sa majinyaci ya ji cewa sai ya zauna sujada zai sami kulawa, an yi kuskure. Amma ka buɗe Luka 17. Kutare goma Yesu ya warkar, ɗaya ne kawai ya komo ya yi godiya, shi ma Basamariye. Yesu ya tambayi inda taran suke, amma bai janye warkarwar daga jikinsu ba. Yawancin waɗanda aka yi jinyarsu a Yadakunya Musulmi suka shiga, Musulmi suka fita, kuma haka ya kamata a yi musu aikin.