Malamin da ba a sani ba: yadda za ka sa a gayyace shi lakca

Jama'a assalamu alaikum. Dan Allah ku ɗan duba fostocin lakca da ake ta turowa, sunaye uku zuwa huɗu ne ke yawo, yau wannan zaure gobe wancan, wani lokacin ma takardar bara ce za a karkaɗe a sake karantawa. Alhali ga wani malami can gefe guda, shekara da shekaru yana bincike kan abu ɗaya, in yana bayani ɗalibai har mantawa suke lokacin tashi ya yi, amma ba wanda ya taɓa miƙa masa makirufo saboda bai iya tallata kansa ba. Wallahi abin nan yana ci min rai.

Kun san Katalin Kariko? 'Yar ƙasar Hungary ce, tana aiki a wata jami'a a Amurka, a 1995 aka rage mata matsayi don ta kasa samo kuɗin binciken da take yi kan mRNA, wato sinadarin da ke kai wa ƙwayoyin halittar jiki saƙon irin furotin da za su haɗa. Wannan binciken dai a kansa aka gina rigakafin korona na Pfizer da Moderna, a 2023 kuma ta samu kyautar Nobel ita da abokin bincikenta Drew Weissman. Duk shekarun nan ilimin yana nan, masu saurare ne babu.

To in ka san irin wannan malami ya za ka yi? Kar ka je gaban kwamitin shirya lakca ka ce "ai masani ne sosai", kowa haka yake faɗa kan nasa. Su kwamiti tsoronsu ɗaya ne, kar zaure ya zama wayam ko mutane su kama gyangyaɗi, to wannan tsoron za ka cire musu. Nemi izininsa tukuna, ka ɗauki bidiyonsa na minti biyar da waya yana warware abu mai wuya da harshen da kowa zai gane, ka haɗa da rubutunsa guda ɗaya, sannan ka kai musu maudu'i takamaimai wanda ya shafi abin da ke damun mutane yanzu. In sun ce babban baƙo ya riga ya karɓi gayyata, ba komai, roƙe su minti goma sha biyar kafin shi.

Shi malamin kuwa ka shirya, zai ce maka "haba, ni wa?" Kar ka ƙyale shi, ka zauna da shi ku gwada jawabin ko sau biyu ne kana duba agogo, don masu zurfin ilimi sun fi kowa wuce lokaci.